In, On, At: Yadda Ake Sarrafa Ƙananan Kalmomin Turanci A Maganar Yau Da Kullum

Bahaushe zai ce yana zaune a Kano, an haife shi a ranar Litinin, kuma za a same shi a tasha da ƙarfe biyu. Wannan "a" guda ɗaya ta ishe shi, ko gari yake nufi, ko rana, ko wuri. Da zarar ya tashi faɗin maganar nan da Turanci, sai "a" ɗin ta rabu gida uku: *in Kano*, *on Monday*, *at the station*. Ita kuma "da" ta ƙarfe biyu, wadda aka koya masa a firamare cewa *with* ce, sai ta rikiɗe ta zama *at two o'clock*. Daga nan rikicin yake farawa, kuma ba ya ƙarewa don an gama sakandare. Sai ka ga mutum ya haddace manyan kalmomi masu cika baki, yana rubuta takardu a ofis, amma 'yar kalma mai baƙi biyu ce za ta tona shi.

Turawa na kiran waɗannan kalmomi *prepositions*. Wanda ya zauna gaban malam ya karanci nahawun Larabci ya san danginsu, su ne haruffan jarra, su *min* da *ila* da *ala* da *fi*. Don haka haruffa zan riƙa kiran su a nan. Turanci na da su fiye da ɗari, amma waɗanda ke yawo a bakin mutane kullum kimanin goma ne: *in, on, at, to, for, of, from, with, by, about*.

Ga abin da nake so a riƙe tun daga farko: ba a koyon harafi shi kaɗai. Wanda ya haddace cewa *on* na nufin "kan", me zai yi da *on Friday*, da *on leave*, da *on credit*, da *on purpose*? Ba wanda ya taɓa hawa kan Juma'a. Harafi da kalmar da yake tafiya da ita kamar takalmi ne, ba a sayen wari guda. Almajirin Larabci ya riga ya san haka. Ya san *ragiba fi* so ne, *ragiba an* kuwa juya baya ne. Ya san *da'a lahu* addu'ar alheri ce, *da'a alaihi* kuma ta sharri. Aikatau ɗaya ne, harafin ne ya juya ma'anar. Da wannan idon ya kamata a dubi Turanci.

Lokaci

Nan ne wurin da ƙa'ida ta fi aiki, saboda haka da shi za mu fara. Lokacin agogo na ɗaukar *at*: *at six o'clock*, *at noon*, *at midnight*. Rana da kwanan wata na ɗaukar *on*: *on Friday*, *on my birthday*. Abin da ya fi kwana ɗaya faɗi, wato wata da shekara da yanayi, *in* ne nasa: *in August*, *in 2020*, *in the rainy season*. Ana iya ganin bambancin a jimla biyu kan abu ɗaya. *Nigeria became independent in 1960.* *Nigeria became independent on 1 October 1960.* Da kwanan wata ya shigo, *in* ta ba da wuri.

Sassan yini suna da ɗan taurin kai. Ana cewa *in the morning*, *in the afternoon*, *in the evening*, amma dare ya ƙi bin sahu, *at night* ake cewa. In kuma aka ambaci sunan ranar, ita ce ke rinjaye: *on Friday morning*, *on Sunday night*.

Akwai kalmomi huɗu da galibi ba sa son *in*, *on* ko *at* a gabansu in ana maganar lokaci: *this*, *last*, *next*, *every*. Mu muna cewa "a makon jiya", "a wannan shekara", shi ya sa hannu ke saurin rubuta *in last week*. Daidai shi ne *I saw him last week*, *we will travel next month*, haka nan tsirara.

"Nan da minti goma" kuwa *in ten minutes* ne. Da yawa sukan ce *after ten minutes*, wadda ta fi dacewa da labarin abin da ya riga ya wuce.

Sai *for* da *since*, waɗanda kusan ba a yin jarrabawa ba tare da su ba. *Since* ita ce "tun", tana neman ka nuna mata inda abin ya faro: *since Monday*, *since 2015*, *since morning*. *For* tsawon lokacin take aunawa: *for three days*, *for ten years*. In kana shakka, tambayi kanka, amsar "tun yaushe?" nake bayarwa ko ta "tsawon wane lokaci?" Wanda ya ce *I have been here since three days* ya gwama amsoshin biyu ne.

Ina so in ɗan tsaya a kan *by*, don akwai wata al'ada da ta zauna daram a Turancinmu. Ɗauki katin gayyatar ɗaurin aure, mai yiwuwa za ka ga an rubuta *Time: by 11:00 am*. Mai katin yana nufin ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗaura. Amma a Turancin asali *by* iyaka take sakawa: kada a wuce wannan lokacin, ana iya yi kafin nan. *Submit the form by Friday* na nufin ka kawo fom ɗin ko yau ko gobe, muddin Juma'a ba ta wuce ba. Lokacin da za a yi abu daidai *at* ne. A gida kowa zai gane katin, amma wanda ya rubuta wa baƙo *the meeting will start by ten* ya bar shi yana tunanin ko tun tara da rabi za a fara. Ita kuma *until* ta abin da ke ci gaba ne har zuwa wani lokaci: *the bank is open until four*.

Akwai tagwaye biyu da ya kamata a raba. *On time* shi ne daidai lokacin da aka tsara, ba latti: *the plane left on time*. *In time* shi ne isa kafin abu ya kuɓuce: *we reached the hospital in time*. Haka *at the end of*, dole a faɗi ƙarshen mene ne, *at the end of the month*. Amma *in the end* ita ce "daga ƙarshe", bayan an sha fama: *in the end, he agreed*.

Wuri da abin hawa

Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce *in* ga abin da ya kewaye ka, *on* ga abin da kake bisa, *at* ga wurin da ake nunawa kamar ɗigo. *In the room*, *on the wall*, *at the gate*. Tana aiki sosai. Adireshi ma haka yake sauka daga babba zuwa ƙarami: *in Kano*, *on Zoo Road*, in kuma lambar gida ta shigo sai *at*: *at 12 Zoo Road*. Wasu kuma haddace su ake yi kawai: *at home*, *at work*, *at school*, *in bed*, *in prison*. Mutumin Ingila zai ce mara lafiya yana *in hospital*, na Amurka ya ce *in the hospital*, duka daidai ne.

*Home* ba ta karɓar *to* in ana tafiya gare ta: *I am going home*. *Arrive* ma ba ta yarda da *to*, sai *arrive in Abuja* in gari ne ko ƙasa, *arrive at the airport* in wuri ne. *Reach* kuwa irin tamu ce, kamar yadda muke cewa "ya isa Zariya" ba tare da komai a tsakani ba: *he reached Zaria*.

Mu shiga tasha. In hanyar tafiyar kawai ake nufi, *by* ce ba tare da wani ƙari ba: *by car*, *by bus*, *by train*, *by air*. Mai tafiya a ƙasa kuwa *on foot* yake, ba *with leg* ba, duk da ana jin haka a titi. Amma da an nuna wace motar ce, *by* ta fita: *in my car*, *in a taxi*, *on the bus*, *on the train*, *on the plane*. Dabarar da malamai kan bayar tana da amfani: abin hawan da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa, *on* ne, wanda sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, *in* ne. Abin da ake ɗarewa, babur da keke da doki, shi ma *on* ne. Daga nan shiga da fita suka samo nasu: *get on the bus*, *get off the bus*, amma *get in the car*, *get out of the car*. Fasinjan ɗan acaɓa *get off* yake yi, na tasi *get out*.

Kayan zamani kusan duk *on* suka bi: *on the phone*, *on the radio*, *on television*, *on the internet*, *on Facebook*. Takarda kuwa *in* ce, *in the newspaper*, *in a book*, sai dai shafi ya koma *on page five*. A wajen biyan kuɗi, kuɗi hannu *in cash* ne, na kati *by card*, na turawa ta waya *by transfer*, bashi kuma *on credit*.

Tarkon "da"

In aka ce in zaɓi wuri ɗaya da mai jin Hausa zai zuba ƙarfinsa, nan zan nuna. Kalmar "da" tana yi mana aiki mai yawa. Muna cika da abu, mu gaji da shi, mu yi alfahari da shi, mu dogara da shi, mu yi imani da shi, mu yi kama da shi, mu bambanta da shi. Tun da an riga an dasa mana cewa "da" ita ce *with*, sai mu yi ta jera *with* a duk waɗannan wurare, alhali Turanci ya rarraba su ga haruffa daban-daban.

"Cike da" *full of* ne: *the tank is full of water*. Abin haushin shi ne 'yar'uwarta *filled* ita *with* take ɗauka, *filled with water*. "Na gaji da jira" shi ne *I am tired of waiting*. "Ina alfahari da ke" shi ne *I am proud of you*. Dogara na tafiya da *on*: *it depends on the price*, *you can rely on her*. Imani na tafiya da *in*: *we believe in God*. A lura, *I believe him* ba tare da harafi ba na nufin na gaskata abin da ya faɗa ne kawai. Kama *similar to* ce, bambanci *different from*. Zargi na da fuska biyu, a baki *accused of theft*, a kotu *charged with theft*. "Ya yi magana da Turanci" kuwa *he spoke in English* ne, domin *spoke with* na jiran sunan mutumin da aka yi maganar da shi.

Aure ma ya shigo ciki. *She is married to a doctor* ake cewa. In ka ji Bature ya ce *he is married with three children*, ba 'ya'yan ya aura ba, yana nufin magidanci ne mai 'ya'ya uku. Ka ga ke nan wanda ya ce *married with a doctor* ya sa likitar a layin 'ya'ya.

Ba kullum "da" ke yaudara ba. *Agree with him*, *angry with her*, *satisfied with the work*, *familiar with the road*, duk sun zo daidai da tunaninmu. Wannan dacewar ce ma ke sa mutum ya saki jiki. Shawarata ita ce duk lokacin da ka ji "da" a cikin kanka kana shirin rubuta *with*, ka dakata ka duba.

Akwai wasu da ba ruwan "da" a ciki amma ana yawan tuntuɓe a kansu. Gwaninta *at* take so, *good at mathematics*, ko da yake *good in* ta cika makarantunmu. Sha'awa *interested in*. Tsoro *afraid of*. Taya murna *on*: *congratulations on your wedding*. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci suna da nasu ƙarin nauyin, domin a Faransanci aikatau na dogara yana tafiya da *de*, sai ya ja su zuwa *depend of*. Na saurare da na jira kuma ba sa ɗaukar harafi a can, alhali Turanci na tilasta *listen to* da *wait for*.

Inda ake cusa harafi ba a gayyace shi ba

*Let us discuss about the matter.* Wannan jimlar ana jin ta a taro, ana jin ta a rediyo, har ta daina yi wa kunne nauyi. Amma *discuss* ba ta ɗaukar *about*. Haka *request*, *demand*, *order*, *emphasise*, *comprise*, *contact*, *resemble*, *enter*, duk ba sa buƙatar harafi a bayansu. Daidai shi ne *we discussed the matter*, *he requested a loan*, *she entered the room*.

Sanin dalilin kuskuren yana taimakawa wajen magance shi. Yawancin waɗannan kalmomi suna da siga biyu, ta aikatau da ta suna, kuma ta sunan ce ke ɗaukar harafi: *a discussion about the matter*, *a request for a loan*, *a demand for payment*, *emphasis on discipline*. Mutum ya ji *request for* a inda take daidai, sai ya kwashe ta ya kai inda ba ta dace ba. *Comprise of* kuma daga maƙwabciyarta *consist of* aka aro ta. *Enter into* na nan, amma ta yarjejeniya ce, *enter into an agreement*, ba ta ɗaki ba.

Akwai kuma akasin haka, inda ake yar da harafin da ya wajaba. *Reply my letter* ya kamata ta zama *reply to my letter*, ko a huta a ce *answer my letter*. *Explain me* ba ta yi ba, sai *explain it to me*. Likita *operate on the patient* yake yi. *Pay* kuma a kula da ita: *pay the driver* shi ne ka ba direba kuɗinsa, *pay for the driver* shi ne ka biya masa nasa kuɗin abincin ko na wani abu.

Maganar aro ta cancanci sakin layi nata. Mu da tushe ɗaya muke yin duka biyun, "ara mini" da "na ara". Turanci ya raba: mai karɓa *borrow from* yake yi, mai bayarwa *lend to*. *I borrowed a pen from Musa.* *Musa lent a pen to me.* Saboda haka *borrow me your pen* da yara ke faɗa a aji, ko dai ta zama *lend me your pen* ko *can I borrow your pen?*

Aikatau ɗaya, ma'ana barkatai

Ɗauki *look*. *Look at* kallo ne, *look for* nema, *look after* kula da wani, *look into* binciken al'amari, *look down on* raini. Uwar da ta ce *look after the baby* amana ta ba ka. In ta ce *look for the baby*, to yaro ya ɓata.

Wasu bambance-bambancen na iya jawo rigima. *At* bayan wasu aikatau tana ɗauke da ƙiyayya. *He threw the ball to me*, ya jefo mini ne in cafe. *He threw the ball at me*, jifa na ya yi. *Shout to* kira ne daga nesa, *shout at* tsawa ce. *Laugh with* dariya tare, *laugh at* dariyar ƙeta. A labaran 'yan sanda, *they searched the man* na nufin sun caje shi, *they searched for the man* na nufin suna neman sa ruwa a jallo. *I have heard of him*, na taɓa jin sunansa. *I have heard from him*, ya aiko mini da saƙo. *Agree* na yarda da mutum ta *with*, da tayi ta *to*, in kuma ɓangarori biyu suka daidaita a kan abu, *on*: *we agreed on the price*.

Ƙa'idoji biyu ne a wannan fage da ba sa saɓawa, kuma sun cancanci a riƙe su da kyau. Ta farko, aikatau da ya biyo bayan harafi dole ya ɗauki *-ing*: *thank you for coming*, *he left without eating*, *she is good at sewing*. Inda ake faɗuwa shi ne wurin *to*, domin *to* iri biyu ce. Akwai ta *I want to go*, akwai kuma wadda harafi ce sosai, kamar ta *look forward to* da *be used to* da *object to*. Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya sa suna bayanta, kamar *I look forward to your reply*, to harafi ce, aikatau da zai zauna a wurin sai da *-ing*. Ta biyu, wakilin sunan da ya biyo harafi sigar karɓau yake ɗauka, *me, him, her, us, them*. *Between you and me* ne daidai. Masu cewa *between you and I* suna ganin ta fi nuna ilimi ne, kuma Turawan kansu ma suna faɗa mata.

Bari mu ga yadda duk wannan ke haɗuwa a 'yar gajeriyar takardar neman aiki, irin wadda ake rubutawa kullum:

*I wish to apply to the post of driver in your company. I have been driving since ten years and I am good in repairing engines. I will like to discuss about the salary. I look forward to hear from you.*

Jimla huɗu, kuma kowace da ciwonta. Aiki *apply for* ake yi masa, kamfani ne ake *apply to*. Shekara goma tsawon lokaci ne, *for ten years*. Gwaninta *good at*. *About* ta fita daga bayan *discuss*, kuma *I would like* ake cewa. Ta ƙarshe ita ce wadda ta fi yawa a wasiƙu, *I look forward to hearing from you*. Babu babbar kalma ko ɗaya da aka canza, amma mai karanta takardar zai ɗauki marubucin wadda aka gyara da wani matsayi daban.

Wata 'yar magana a gefe. Za ka iya haɗuwa da malamin da zai ce haramun ne a ƙare jimla da harafi. Wannan ra'ayi ana danganta farkonsa da marubucin Ingila John Dryden, wanda ya soki hakan a 1672, kuma Latin yake kallo da ya faɗa. Turawa ba su taɓa bin sa a bakinsu ba. *Where are you from?* da *What are you looking for?* Turanci ne lafiyayye, kada ka wahalar da kanka wajen juya su.

Yadda za a sa su zauna

Samu ƙaramin littafin rubutu da zai shiga aljihu. Kada ka tsara shi bisa haruffa, wato shafin *on* daban, na *in* daban. Wannan tsarin ne ke sa a haddace a manta. Rubuta babbar kalmar tare da harafinta, sa'an nan ka gina jimla daga rayuwarka. Maimakon *depend on* kawai, rubuta *my journey to Gusau depends on the fare*. Jimlar da ta shafi aljihunka ba ta saurin ficewa. Faɗe ta da ƙarfi sau da yawa, har in wani ya ce *depend of* kunnenka ya ji wani banbaraƙwai tun kafin ka tuna ƙa'ida. Matakin da ake nema ke nan.

Sai ƙamus, kuma ba kowane ba. Nemi irin wanda aka yi don masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa, Oxford ta fara buga shi a 1948. Amfaninsa shi ne ba ma'ana kawai yake bayarwa ba, yana nuna harafin da kalmar ke tafiya da shi. Za ka ga an rubuta *sb* da *sth*, gajerun *somebody* da *something* ne, kamar *accuse sb of sth*. Mutane da yawa suna karanta ma'anar su rufe, su tsallake wannan layin, alhali shi ne rabin abin da suka biya kuɗi a kai. Kuma babbar kalmar za ka nema, ba harafin ba. In kana shakkar *good in* ko *good at*, buɗe *good*.

Akwai kuma tsohon littafin nan Common Mistakes in English na T. J. Fitikides, wanda ya fito a 1936. Malami ne a tsibirin Saifurus, kuma da kuskuren harafi ya buɗe littafin. Wanda ya duba zai tarar da *married with* da *good in* da *full with* suna nan a ciki, ka san ke nan ciwon ba na Hausawa kaɗai ba ne. English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985, shi ma yana da darussa da dama a kan haruffa, bayani a shafin hagu, aiki a na dama.

In kuna biyu, ga wani aiki mai arha. Ɗauki sakin layi ɗaya daga littafi mai kyau, abokinka ya kwafe shi ya bar gurbin kowane harafi, kai kuma ka cike, sa'an nan ku gwada da na asali. Irin tambayar da WAEC da NECO da JAMB ke yi ke nan, gurbi da zaɓi, don haka ɗalibi ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na ce littafi mai kyau da gangan, domin rubutun da ke yawo a waya cike yake da kurakuran da muke ƙoƙarin gudu.

Game da bambancin Ingila da Amurka, kada ya ɗaga maka hankali. A Ingila ana cewa *at the weekend*, a Amurka kuma *on the weekend*. Ba'amurke zai ce *write me*, mutumin Ingila ya ce *write to me*. Makarantun Najeriya da Gana a kan Turancin Ingila aka gina su, saboda haka mai shirin jarrabawa ya tsaya a kansa. Shi kuma Turancinmu na gida, irin su *he is not on seat* da sakatare zai gaya maka in oga ba ya nan, ban ga abin kunya a cikinsa ba, yana biyan buƙata tsakaninmu. Abin da ake so shi ne ka san lokacin da kake yin sa, don ka iya ajiye shi in takarda za ta je gaban mai jan biro ko ta ƙetare ruwa.

Kada ka ce za ka kwashe duk abin da ke cikin wannan jagora a zama ɗaya. Fara da guda biyar daga cikin na "da": *full of*, *tired of*, *proud of*, *depend on*, *different from*. Gina wa kowace jimla uku daga harkokinka, ka yi mako guda kana faɗin su, sa'an nan ka ƙaro biyar.